Kamfanin Shubert da gidajen wasan kwaikwayo na Broadway

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai gidajen wasan kwaikwayo 41 waɗanda ake lasaftawa a matsayin gidajen Broadway, wato manyan gidaje masu kujeru 500 ko fiye, waɗanda kusan dukkansu suke kewaye da dandalin Times Square a tsibirin Manhattan. Gidaje 17 daga cikinsu mallakar kamfani ɗaya ne, kamfanin Shubert, wanda ya haura shekara 120 yana wannan sana'a. 'Yan kallo sukan riƙe sunan jarumin da ya burge su ko sunan marubucin wasa, kuma ba kasafai suke tambayar wanda ya mallaki ginin da suka zauna a ciki ba. A ganina wannan tambaya ce ta fi bayyana yadda harkar take tafiya, domin wasa komai kyawunsa ba ya isa ga jama'a sai ya sami dandamali, dandamalin kuwa yana hannun mai gida.

Waɗanda suka kafa kamfanin 'yan'uwa ne uku uwa ɗaya uba ɗaya: Lee shi ne babba, Sam na tsakiya, sai Jacob, wanda aka fi sani da J. J. Iyayensu Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga yankin da yake cikin ƙasar Lithuania a yau, suka sauka a garin Syracuse na jihar New York a farkon shekarun 1880. Mahaifinsu ɗan koli ne da ba ya samun abin kirki, saboda haka yaran suka fara neman na kansu tun suna ƙanana. Sam ne ya fara shiga gidan wasa, yana raba wa 'yan kallo takardun shirin wasa, daga nan aka mayar da shi ɗakin sayar da tikiti, har ya zama ma'ajin babban gidan wasa na garin. A ɗakin tikitin ya koyi abin da ya zama ginshiƙin kasuwancinsu: kujera nawa gida yake da ita, nawa ake sayarwa a dare, kuma wa yake ɗaukar wane kaso. Kafin ƙarshen wannan ƙarni 'yan'uwan sun riga sun karɓi hayar gidajen wasa a Syracuse da wasu garuruwan jihar, sannan a 1900 Sam ya karɓi hayar gidan Herald Square a tsakiyar birnin New York.

Lokacin da suka shigo birnin, harkar wasa a Amurka tana hannun wata gamayya ta mutum shida da aka kafa a 1896, wadda ta haɗa da Charles Frohman da Marc Klaw da Abraham Erlanger. A wancan zamani ribar wasa ba a New York kaɗai ake samunta ba. Bayan an nuna wasa a can, sai a ɗauki 'yan wasa da kayansu a jirgin ƙasa a bi gari gari, kuma wannan yawo ba ya yiwuwa sai an tsara gidajen da za a sauka ɗaya bayan ɗaya ba tare da giɓi ba. Gamayyar ta kame wannan tsari gaba ɗaya. Mai gidan wasa a ƙaramin gari, idan ya buɗe ƙofarsa ga wasan da ba nata ba, sai ta hana shi sauran wasanni na shekara. Mai shirya wasa kuma, idan ya ƙi sharuɗɗanta, sai ya rasa wurin sauka tsakanin wannan birni da wancan.

Da farko 'yan'uwan sun lallaɓa sun yi hulɗa da gamayyar, amma da gidajensu suka fara yawa sai rikici ya ɓarke. Ana cikin haka, a watan Mayun 1905, jirgin ƙasan da Sam yake ciki ya yi karo da taragun kaya masu ɗauke da abubuwa masu fashewa kusa da Harrisburg a jihar Pennsylvania, ya rasu sakamakon ƙunar da ya samu, bai kai shekara 30 ba. Mutane da yawa sun zaci Lee da J. J. za su sayar da kasuwancin su koma gida. Maimakon haka sai suka ƙara ƙaimi, suka yi shelar cewa ƙofar gidajensu a buɗe take ga kowane mai shirya wasa, suka jawo waɗanda gamayyar ta ɓata wa rai, irin su David Belasco. Abin da ya fi ɗaga sunansu shi ne yawon da suka shirya wa fitacciyar jarumar Faransa, Sarah Bernhardt, tsakanin 1905 da 1906. Da gamayyar ta rufe mata ƙofofin gidajenta, sai suka kafa mata katafaren tanti a jihar Texas ta yi wasa a ciki, jaridu suka yi ta yayata labarin, jama'a suka ɗauki 'yan Shubert a matsayin masu yaƙi da babakere. Gamayyar ta ci gaba da raunana, Frohman ya mutu a nutsewar jirgin ruwan Lusitania a 1915, Klaw da Erlanger kuma suka raba gari a 1919.

Abin da Lee ya fahimta daga wannan gwagwarmaya shi ne cewa wanda yake haya kullum yana ƙarƙashin ikon wani, saboda haka suka duƙufa ga saye da gini. A 1911 suka mayar da wata tsohuwar kasuwar dawaki ta zama gidan Winter Garden, inda mawaƙi Al Jolson ya yi suna. A 1913 suka buɗe gidan Shubert, wanda suka sa wa sunan Sam, a kan titi na 44, tare da gidan Booth da yake bayansa a titi na 45, kuma lungun da ya haɗa titunan biyu a gefen waɗannan gidaje har yau da sunan Shubert ake kiransa. Lee ya kafa ofishinsa a saman gidan ɗan'uwan nasa. Mafi yawan gidajen da suka biyo baya mai zanen gini Herbert Krapp ne ya tsara su, mutumin da ya ƙware wajen cusa kujeru masu yawa a ƙaramin fili ba tare da an tare wa kowa kallo ba. A gidan Ambassador na 1921 filin ya yi ƙanƙanta har sai da ya karkata zauren ya fuskanci kusurwa domin kujerun su shiga. A shekarun 1920 gidajen da kamfanin ya mallaka, ko yake gudanarwa, ko yake tsara musu wasanni a faɗin ƙasar sun kai kimanin dubu.

Bai dace a ba da wannan tarihi a ɓoye halin mutanen ba. Da ƙarfi ya dawo hannunsu, sun yi wa wasu irin abin da gamayyar ta yi musu. A 1915 suka hana Alexander Woollcott, mai sharhin wasanni na jaridar New York Times, shiga gidajensu saboda ya kushe wani wasansu. Maganar ta kai kotu, kotu ta ce mai gida yana da ikon hana wanda ya ga dama shiga, amma jaridar ta daina karɓar tallarsu, sai da suka ji a jikinsu suka janye. 'Yan wasa ma sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu shirya wasanni na lokacin, waɗanda 'yan Shubert suke sahun gaba a cikinsu. Ana sa mutum ya yi makonni yana gwajin wasa ba a biya shi ko sisi ba, ya sayi tufafin wasa da kuɗinsa, kuma idan wasa ya mutu a wani gari mai nisa a bar shi ya nemi kuɗin jirgin komawa. Wannan ne ya haifar da yajin aikin ƙungiyar 'yan wasa a watan Agustan 1919, wanda ya rufe gidajen wasa kimanin wata guda kafin masu shirya wasanni su amince da ƙungiyar. Su kansu Lee da J. J. ba su jituwa; sun yi shekaru ofisoshinsu suna fuskantar juna a kan titi na 44, amma da wasiƙa da 'yan aike suke magana.

Karayar tattalin arziki da ta fara a 1929, tare da fitowar fina-finai masu sauti, ta durƙusar da harkar. A 1931 kamfanin ya kasa biyan basussukansa aka danƙa shi a hannun masu kula da dukiyar waɗanda suka karye, sannan a 1933 Lee ya sake sayen kadarorin ta hanyar wani sabon kamfani a farashi mai rahusa ƙwarai. Masu hannun jari sun yi asara, gidajen kuwa suka tsaya a hannun iyalin. A daidai lokacin da wasu masu gidaje suke mayar da nasu silima ko suna rushewa, 'yan Shubert sun riƙe mafi yawan nasu na New York a matsayin gidajen wasa, kuma ina ganin wannan riƙon shi ne babban dalilin da ya sa unguwar wasannin ta rayu zuwa yau. A 1932 kuma suka haɗa kai da magadan tsohon abokin gabarsu Erlanger suka kafa ofishi ɗaya na tsara yawon wasanni, wanda kusan babu wasan da yake fita daga New York ba ta hannunsa ba.

Gwamnatin tarayya ta kai su ƙara a 1950 bisa zargin babakere. Lauyoyinsu suka kafa hujja da cewa kotu ta taɓa keɓe wasan ƙwallon sanda na Amurka, wato baseball, daga dokar hana babakere, don haka wasan kwaikwayo ma ya kamata a keɓe shi. Kotun ƙoli ta yi watsi da wannan hujja a 1955, ta ce harkar da take ɗaukar 'yan wasa da kaya daga jiha zuwa jiha kasuwanci ne da dokar ta shafa. A 1956 kamfanin ya amince ya sayar da gidaje 12 a birane shida, ya kuma saki aikin tsara yawon wasanni. Daga wannan sayarwa ne William McKnight, shugaban kamfanin 3M, ya sami gidan St. James, wanda ya zama tushen kamfanin Jujamcyn. Iyalin Nederlander na Detroit, waɗanda mahaifinsu ya daɗe yana haɗin gwiwa da 'yan Shubert a can, sun shigo New York da sayen gidan Palace a 1965.

Lee ya rasu a 1953, John ɗan J. J. wanda aka sa ran zai gaje su ya rasu a 1962, shi kuma J. J. ya bi su a 1963. Wani danginsu, Lawrence Shubert Lawrence ƙarami, ya riƙe ragama har zuwa 1972, lokacin da hukumar gudanarwa ta sauke shi ta ɗora lauyoyin kamfanin guda biyu, Gerald Schoenfeld da Bernard Jacobs. Sun karɓi kamfanin a mummunan yanayi. Unguwar Times Square ta lalace da miyagun ƙwayoyi da sata da shagunan batsa, mutane suna tsoron fitowa da dare, gidaje da dama kuma suna yin watanni a rufe. Lauyoyin biyu suka gyara lissafin kuɗi, suka fara karɓar katin banki da sayar da tikiti ta wayar tarho, abin da ya girma ya zama sashen Telecharge, suka matsa wa hukumomin birni lamba a kan tsaftace unguwar, sannan suka koma zuba kuɗi a cikin wasannin da za su cika gidajensu.

Wasanni uku ne suka fi ɗaga kamfanin a wannan zamani. A Chorus Line, wanda ya fara a ƙaramin gidan Public Theater na Joseph Papp, ya koma gidan Shubert a 1975 ya zauna har 1990, an nuna shi sau 6,137. Cats ya riƙe Winter Garden daga 1982 zuwa 2000, sau 7,485. The Phantom of the Opera kuwa ya shiga gidan Majestic a watan Janairun 1988 bai fita ba sai a watan Afrilun 2023, bayan an nuna shi sau 13,981, adadin da babu wasan Broadway da ya kai. Ga mai gida, irin wannan wasa ɗan haya ne da yake biya kowane mako har shekaru da dama, ba a rufe gida, ba a neman wani.

Ga yadda hayar take. Mai shirya wasa shi yake tara kuɗin jari, ya ɗauki 'yan wasa, ya gina kayan dandamali, ya biya talla. Mai gida yana karɓar wani kaso na kuɗin tikitin kowane mako, sannan wasan ne yake ɗaukar nauyin kuɗin tafiyar da gidan, kamar albashin masu sayar da tikiti da masu zaunar da 'yan kallo. Yawancin wasannin Broadway ba sa mayar da jarinsu, amma ko wasan da ya faɗi ya biya haya a makonnin da ya yi. Akwai kuma wani sharaɗi a yarjejeniyar da yake ba mai gida damar sallamar wasa idan cinikinsa ya gaza wani adadi na makonni biyu a jere. A ƙarshen 2019 an yi amfani da shi a kan wasan Beetlejuice a Winter Garden, bisa raunin cinikin da ya yi a watannin farko, alhali a lokacin sanarwar 'yan kallo sun fara cika gidan. An yi haka ne domin a ba wani wasa mai suna The Music Man wuri. Babu wata doka da aka karya, amma lamarin ya nuna ƙarara wanda yake da magana ta ƙarshe.

Idan mutum ya bi gidajen da ƙafa, zai ga yawancinsu a cunkushe suke wuri ɗaya. A titi na 44, yamma da Broadway, akwai Shubert da Broadhurst da Majestic a jere, kuma a bayansu a titi na 45 akwai Booth da Schoenfeld da Jacobs da Golden, ga Imperial da Music Box a tsallaken titin. Gidaje tara ke nan a tazarar da ba ta wuce tafiyar 'yan mintuna ba. Gabas da Broadway akwai Belasco da Lyceum, wanda aka buɗe a 1903, kuma a samansa ne, a tsohon masaukin mai shirya wasa Daniel Frohman, ɗan'uwan Charles Frohman, aka ajiye taskar tarihin kamfanin da aka kafa a 1976, mai ɗauke da wasiƙu da yarjejeniyoyi da zanen tufafi da rubutattun waƙoƙi. Sauran suna arewa kaɗan: Barrymore, Longacre, James Earl Jones, Ambassador, Winter Garden, sai gidan da ake kira Broadway a titi na 53, wanda ya fi su yawan kujeru, sama da 1,700. Booth da Golden, masu kujeru kimanin 800, su ne ƙananan da suka fi dacewa da wasannin magana zalla. Music Box ya daɗe a matsayin na tarayya tsakanin kamfanin da mawallafin waƙa Irving Berlin da magadansa, sai a 2007 ya zama na kamfanin gaba ɗaya. Bayan waɗannan akwai ƙananan dandamali shida a birnin, wato Stage 42 da zauruka biyar na New World Stages, sannan akwai gidan Forrest a Philadelphia.

Sunayen gidajen ma suna ɗauke da tarihi. A 2005 aka sauya wa Plymouth da Royale suna zuwa Schoenfeld da Jacobs, matakin da wasu suka soka cewa an karrama masu gudanarwa a wurin da ya kamata a karrama masu fasaha. A 2022 aka mayar da gidan Cort ya zama James Earl Jones bayan an yi masa gagarumin gyara, sakamakon alkawarin da masu gidaje suka yi wa ƙungiyar baƙaƙen masu sana'ar wasa cewa kowane babban kamfani zai sa wa aƙalla gida ɗaya sunan baƙin mai fasaha. A wannan gida ne Jones ya taka rawa a 1958, a farkon rayuwarsa ta Broadway.

Dangantakar kamfanin da tsoffin gine-ginen nan tana da sarƙaƙiya. A 1982 aka rushe gidajen Morosco da Helen Hayes domin gina otal ɗin Marriott Marquis, duk da zanga-zangar 'yan wasa wadda aka kama da dama daga cikinsu. Fushin da ya biyo baya ya sa hukumar adana kayan tarihi ta birnin ta sanya yawancin gidajen Broadway a ƙarƙashin kariya a ƙarshen shekarun 1980. Shubert da Nederlander da Jujamcyn suka kai ƙara suna cewa an tauye musu haƙƙin mallaka, amma ba su yi nasara ba. Daga baya birnin ya ba su damar sayar wa masu gina dogayen benaye a unguwar haƙƙin ginin da ba su yi amfani da shi ba a saman gidajensu, wanda ya zama wata hanyar samun kuɗi. Don haka ba zan ce son tarihi kaɗai ya tsare gidajen ba; doka ta taka rawa, lissafin riba ma ya taka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda ya mallaki kamfanin a yau. Babu wani ɗan Shubert da yake cin ribarsa, kuma ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa. Gidauniyar Shubert, wadda Lee da J. J. suka kafa a 1945 domin tunawa da Sam, ita ce kaɗai mai hannun jari. Dokar harajin Amurka ta 1969 ta hana gidauniyoyi masu zaman kansu riƙe babban kaso na kamfanin kasuwanci, amma a 1979 hukumar haraji ta ba wannan gidauniya izinin ci gaba da riƙe nata. Ribar gidajen tana komawa gyaran gine-gine da kuma gidauniyar, wadda take raba miliyoyin daloli a kowace shekara ga ɗaruruwan ƙungiyoyin wasa da na rawa marasa neman riba a faɗin ƙasar, kuma yawancin tallafin ba a ɗaure shi da wani aiki na musamman, ana barin masu karɓa su biya albashi da haya da shi. Kamfanin da ba shi da masu jari da suke jiran riba kowane wata uku yana iya yin haƙuri, kuma an ga amfanin haka lokacin da annobar korona ta rufe dukkan gidajen Broadway daga 12 ga Maris 2020 har kimanin shekara ɗaya da rabi.

Duk da haka tsarin yana da abin damuwa, domin mutane ƙalilan ne suke zaune a hukumar gidauniyar da ta kamfanin, kuma su suke zaɓen magadansu. Bayan rasuwar Jacobs a 1996 da Schoenfeld a 2008, Philip Smith ya shugabanci kamfanin, sannan Robert Wankel ya karɓa a 2020, dukkansu mutanen da suka yi shekaru masu yawa a cikin gidan. A 2023 Jujamcyn ya haɗe da kamfanin ATG na Birtaniya, gidajensu suka zama bakwai, Nederlander yana da tara, Shubert 17, wato gidaje 33 cikin 41 suna hannun masu gida uku. Sauran takwas, mafi yawansu na ƙungiyoyi marasa neman riba ne, ɗaya kuma kamfanin Disney ne yake gudanar da shi. A shekarun da wasanni masu neman gida suka fi gidajen yawa, masu shirya wasa sukan yi dogon jira, kuma wanda ya zo da fitaccen tauraron fim ko sanannen labari ya fi saurin samun wuri a kan wanda ya zo da sabon marubuci. Ina ganin a nan ne ya kamata a riƙa auna kamfanin Shubert, a kan wasannin da yake buɗe wa Booth da Golden da Lyceum kowace shekara, tun da tsarin mallakarsa ya ba shi sararin ɗaukar kasadar da sauran biyun ba za su iya ɗauka cikin sauƙi ba.